Sauya Gwiwa da Taimakon Kwamfuta ga Mai Tsohon Ƙarfe a Ƙafa

Assalamu alaikum. Abubuwa uku zan kawo, na farko shi ne majiyyacin kansa. Mutum ne da ya karye a cinya shekarun baya, sau da yawa a hatsarin babur, aka zura masa dogon ƙarfe a ramin ɓargo ko aka ɗaure ƙashin da farantin ƙarfe da ƙusoshi. Karaya ta warke, daga baya gwiwar ta cinye har sai an sauya ta.

Na biyu shi ne yadda ake aikin. A tiyatar da aka saba, likita yana zura sanda a ramin ɓargon cinya domin ta ba shi saitin da zai yanke ƙashi. To, ina sandar za ta bi alhali ƙarfe ya tare hanya? Cire ƙarfen kuwa wata tiyatar ce, kuma ramukan da ƙusoshi suka bari suna raunana ƙashi.

Nan ne kwamfuta ta shigo, kuma ku yi mini uzuri, wannan wurin nake so. Tun 1997 aka fara aikin a Grenoble ta ƙasar Faransa. Ana kafa alamomi a ƙashin cinya da na ƙwauri, kyamara tana kallonsu, sai likita ya kama ƙafar yana juya ta a hankali, kwamfuta kuma ta lissafo tsakiyar gaɓar kwatangwalo daga juyin nan kaɗai. Daga juyin kaɗai, jama'a, ba a buɗe kwatangwalo ba! Sai a nuna mata idon sawu, ta ja miƙaƙƙen layi daga sama har ƙasa, a yi yanka a kansa, ana neman kada karkata ta wuce digiri 3. Ramin ɓargo ba a taɓa shi ba, kuma irin wannan na'ura ba ta buƙatar hoton CT, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka yanki-yanki, wanda ƙarfe ke dagulawa.

Na uku shi ne matsalolinsa: aikin da kwamfuta yana ƙara lokacin tiyata, kuma ƙashi kan karye inda aka kafa alamomin, ko da yake ba kasafai ba.

Malama a baya tana tambaya ko ba a cire ƙarfen ke nan sam. A'a, Malama. Idan akwai ƙwayoyin cuta a jikin ƙarfen, dole a cire shi a yi magani tukuna, shi ya sa ake gwajin jini kafin komai. Idan kuma ƙusoshin da ke kusa da gwiwa ne suka shiga mazaunin sabuwar gwiwa, su kaɗai ake zarewa, a bar sauran.