Neman Gurbi a Makarantar Jinya: Tun Daga Aji Huɗu Ake Farawa

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau zancen shiga makarantar koyon aikin jinya za mu yi, tare da Anti Rabi, malamar jinya, da Malam Ado, mai kula da harkar jarrabawa a sakandare. Malam, a ƙauyukanmu da yarinya ta gama sakandare sai ka ji an ce a saya mata fom ɗin nas. Ta ina ake farawa?

Malam Ado: Ai ba daga fom ake farawa ba, Hadiza. Tun daga aji huɗu ne, ranar da ake raba ɗalibai, wasu kimiyya wasu adabi. Majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa kiredit biyar take nema: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fizis. Kiredit kuwa daga A1 ne zuwa C6. D7 wucewa ce kawai, ba ta shiga lissafi. Kuma kada a haɗa su a zama sama da biyu. WAEC ɗaya da NECO ɗaya ya yi, amma takardu uku ba za a karɓa ba. Wasu jami'o'in ma zama ɗaya suke so.

Hadiza: To yarinyar da makarantarsu ba malamin Fizis fa? Sai ka ga an cike mata gurbin da darasin aikin gona.

Malam Ado: Nan ake asara. Aikin gona ba ya maye Fizis, ko da A1 ta ci. In an riga an gama, sai ta zauna jarrabawar 'yan waje ta ƙarshen shekara, ta WAEC ko ta NECO. Shawarata kuma, kada ta sa wanda ta faɗi kaɗai a ranta. Ta dage a kan duk biyar ɗin, don in ta sake rasa ɗaya, za ta iya haɗa wannan zaman da wani.

Hadiza: Anti, mutane suna rikita makarantun. Duk wadda ta sa farin kaya nas ce a wurinmu.

Anti Rabi: Haka ne, 'yata, kuma rikicin yana cinye wa mutane shekaru. Makarantar kiwon lafiya irin ta Jahun ma'aikatan lafiya na matakin farko take yayewa. Aiki ne mai daraja, amma hukumarsu daban, lasisinsu daban. Mai son zama nas, a Jigawa akwai kwalejin jinya ta Birnin Kudu, akwai Haɗejia da Ɓaɓura. A Kano akwai ta cikin birni, akwai Madobi, akwai ta ungozoma a Dambatta, ga kuma ta asibitin koyarwa na Aminu Kano. Tsohon tsarin shekara 3 ne. Yanzu kwalejoji suna komawa tsarin difloma, shekara 2 ƙarama, shekara 2 babba, ta hanyar JAMB. Digiri kuma, kamar a Jami'ar Bayero, shekara 5 ne. Akwai kuma ungozoma ta karkara, shekara 2, wadda aka tsara don yarinya ta koma ta yi wa garinsu aiki.

Hadiza: Makarantun kuɗi fa? Sun yi yawa yanzu.

Anti Rabi: Akwai nagari. Amma kafin a biya ko sisi, a duba jerin makarantun da majalisar ta amince da su a shafinta na intanet. Ba allon bakin ƙofa za a duba ba. Makarantar da ba ta cikin jerin, ɗalibarta ba za ta zauna jarrabawar majalisa ba, wadda ba ta zauna ba kuwa ba ta da lasisi, ko shekara nawa ta yi tana sa yunifom.

Malam Ado: Bari in tsaya a kan suna, don shi ya fi kayar da yaranmu, ba jarrabawa ba. A firamare an rubuta Hauwa Musa. A sakandare ta zama Hauwa'u Musa Garba. A NIN kuma an sa sunan garinsu a ƙarshe, an rage mata shekara. JAMB daga NIN take ɗaukar suna da ranar haihuwa, ba ta tambayar kowa. Ranar tantancewa sai a jera takardu a tebur a ga mutum uku. Saboda haka a baje su tun yanzu: takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, shaidar firamare, sakamakon sakandare, NIN, takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma. A karanta harafi-harafi. Gyaran NIN ta hannun NIMC, hukumar da ke ba da shi, ake yi, kuma yana jan lokaci, don haka a gama shi kafin JAMB ta buɗe rajista.

Hadiza: Takardar rantsuwa ta kotu ba ta warware wannan?

Malam Ado: Tana taimakawa a ƙaramin saɓani, amma ba ta canja abin da ke cikin kwamfuta. Sai layin waya. Ana tura NIN ta saƙo zuwa 55019 ko 66019, a samu lambar rajista. Layin da aka tura da shi ya zama na ɗalibar, kuma ba a yi wa mutum biyu da layi ɗaya. Kada a yi da layin mai kafe, ko na yayanta da zai tafi ci-rani da kaka. Haka imel da lambar sirri, a rubuta a littafi a ajiye a gida.

Anti Rabi: Darussan JAMB ma a lura, Malam.

Malam Ado: Turanci, Bayoloji, Kimistiri, Fizis. Ba Lissafi a ciki, ko da yake ana neman kiredit ɗinsa. Tambaya 180 cikin awa 2, Turanci 60, sauran 40-40. Yarinyar da ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba tana iya sanin amsa lokaci ya ƙare mata. A kai ta cibiyar kwamfuta a hedikwatar ƙaramar hukuma ta yi gwaji sau da yawa. Bayan sakamako ya fito, a koma cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora sakamakon sakandare, don in ba a ɗora ba, makaranta ba za ta iya ba ta gurbi ba. In an ba ta kuma, sai ta shiga shafinta ta danna amincewa da kanta.

Hadiza: Anti, masu cewa a kawo kuɗi suna da hanya fa?

Anti Rabi: Sayen kifi a ruwa ne. Kuɗin fom ta hanyar da makaranta ta sanar ake biya, a karɓi rasit, ba a asusun wani mutum ba. Ko ma an cusa yarinya, akwai siraɗi a gaba. Watanni shida na farko, wanda muke kira PTS, ana karanta sassan jikin ɗan'adam da yadda suke aiki, da tushen aikin jinya, sannan a yi jarrabawa. Kowace makaranta akwai adadin ɗaliban da majalisa ta yarje mata, kuma waɗanda suka tsallake ne ake yi wa rajista a majalisa, a sa musu hula. A wannan rajistar ake sake bincikar sakamakon sakandare daga tushe. Wadda aka yi wa jarrabawa ko aka gyara mata takarda, a nan take tonuwa, bayan iyaye sun sayar da amfanin gona sun biya kuɗin makaranta da na kwana.

Hadiza: Ke nan kafin a kira su, me za ta riƙa yi a gida?

Anti Rabi: Ta koma littafin Bayoloji na aji biyar da na shida: zuciya da zagayen jini, numfashi, ƙashi, ƙoda. Ta riƙa karatu da Turanci da ƙarfi, don a intabiyu za a ce ta yi bayani da bakinta, kuma kunya ba ta ba da maki. Ta san lissafin awo, miligiram nawa ne a giram, mililita nawa ne a lita. Ta tanadi hotunan fasfo iri ɗaya da yawa, da kwafin kowace takarda a leda, na asali kuma kada ta bar wa kowa. Takardar shaidar lafiya daga asibitin gwamnati za a nema. Sannan rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku ce: ta farko, bayan wata 1, sai a wata na 6. Gara ta fara tun tana gida, kafin ta shiga ɗakin marasa lafiya ta fara taɓa allura da jini.

Hadiza: Matar aure fa, Anti? An turo mana wannan tambayar.

Anti Rabi: Ana ɗauka. Sai dai a zauna da maigida tun kafin a sayi fom, a gaya masa akwai kwanan makaranta, akwai aikin dare a asibiti, a kuma san wa zai riƙe yara. Ƙa'idar shekaru da ta juna biyu kuwa kowace makaranta da tata, a karanta sanarwarta har ƙasa.

Hadiza: Mun gode Anti, mun gode Malam. Masu sauraro, a ci gaba da turo tambayoyi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.