Amsoshin Tambayoyinku: Maciji Mai Kacau-kacau a Wutsiya

Jama'a, lokaci ya ja, bari mu ɗan hanzarta. Wata baiwar Allah daga Maraɗi tana tambaya ko gaskiya ne ana gane shekarun macijin nan mai kacau-kacau ta hanyar ƙirga gaɓoɓin wutsiyarsa. A'a, Hajiya. Duk sanda ya yi saɓa gaɓa ɗaya ke ƙaruwa, yakan yi saɓa fiye da sau ɗaya a shekara, tsofaffin kuma karyewa suke yi.

Sai tambayar da ta fi yawa, saƙonni har daga Gombe da Kumasi: a ina yake rayuwa, akwai shi a wajenmu, kuma ya kusa ƙarewa ne? Malam, bismillah.

"To, wanda ake kira cascabel, a kimiyance Crotalus durissus, ɗan Kudancin Amurka ne, tun daga Kolombiya da Benezuwela, ta Barazil da Bolibiya da Faragwai, har arewacin Ajantina. Ba ya son duhun kurmin Amazon. Fili mai ciyawa da busasshen daji yake so, irin Cerrado da Caatinga na Barazil. Dafinsa kuwa jijiya da tsoka yake kamawa: fatar ido ta saki, fitsari ya yi duhu, har ƙoda ta tsaya. Cibiyar Butantan ta Sao Paulo a Barazil, wadda aka kafa a 1901, tana haɗa maganinsa..."

Malam, ka wuce da mu asibiti, batun ƙarewa muke jira!

"Af, haka ne. Ƙungiyar IUCN, mai kula da kare halittu ta duniya, ta sa shi cikin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu. Sare kurmi don kiwo ma ƙara masa wurin zama yake yi. Ɗan'uwansa na tsibirin Aruba, kusa da Benezuwela, shi ne ke cikin haɗari, 'yan ɗaruruwa suka rage."

To, kun ji. Na Kudancin Amurka bai kusa ƙarewa ba, na Aruba ne abin tausayi. Kuma in maimaita: babu shi a Afirka, ko ɗaya.

Ɗan'uwanmu na Gombe da ya ce ya ji ƙararsa a gona, ina kyautata zaton kububuwa ce. Ita nannaɗewa take yi tana goga jikinta, sai ka ji kamar an zuba ruwa a kasko mai zafi. Ita ce ke mana ɓarna, kuma abin da ke ɓata min rai shi ne a sari mutum a tsaya tsaga wurin da reza ana ɗaure ƙafa. Don Allah a daina. A garzaya asibiti. Ku na Gombe ga asibitin masu saran maciji na Kaltungo nan kusa da ku.

Mai tambaya kan jemage, ka yi haƙuri sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.