Wai dole ne sai da gwamnati? In dole ne, wace iri ce ta fi?

Hajiya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ma mu ukun ne, ga Malam ga Auta, kuma tun kafin mu kunna makirfo Auta ya fara musu, don haka Auta faɗi abinda ka faɗa ɗazu kowa ya ji.

Auta: Toh Hajiya ni abinda nace shine, wai meye amfanin gwamnati in mutum shi zai nemi ruwansa, shi zai nemi wutarsa, shi zai biya mai gadi, kuma a ƙarshe a zo a ce ya biya haraji? Wallahi wani lokacin sai inga kamar da babu ita gaba ɗaya ma da mutane sun fi sakewa. In kuma dole ne sai da ita, toh a ba mu mutum ɗaya mai ƙarfi ya gyara komai, a bar wannan zaɓe-zaɓen.

Malam: Kaga magana biyu ka haɗa, kuma suna karo da juna, amma bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko, ka taɓa tsayawa a mahaɗar titi huɗu ranar da danja ta mutu kuma babu mai ba da hannu?

Auta: Sau nawa ma.

Malam: Me ka gani?

Auta: Kowa ya kutsa kai, mai babbar mota ya danne mai ƙarama, sai a cushe a tsakiya ba gaba ba baya, ana ta hon ana zage-zage.

Malam: Sannan sai me?

Auta: Sai wani ya fito daga motarsa ya tsaya a tsakiya yana cewa ku tsaya, ku ku wuce.

Malam: Yauwa. Wannan mutumin da ya fito, kowa ya bi hannunsa duk da ba wanda ya san sunansa, toh gwamnati kenan tun tana jaririya. Babu mugu a cikin direbobin nan fa, kowa gida yake son zuwa, amma son ran kowa in ya haɗu wuri ɗaya ba mai raba gardama sai kowa ya yi asara. Shiyasa ma ya zo a hadisi cewa in mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗaya ya shugabance su. Mutum uku fa, ina ga miliyan ɗari. Ibn Khaldun, masanin tarihin nan da aka haifa a Tunis a 1332, shi ma haka ya kalli abin, yace mutum ba zai iya rayuwa shi kaɗai ba dole sai da jama'a, in kuma jama'a suka taru dole sai da wanda zai riƙe hannun wani daga kan wani.

Hajiya: Ni kuma Auta inaso in kai ka inda aka gwada abinda kake fata, ba a takarda ba. Somaliya. A watan Janairun 1991 gwamnatin Siad Barre ta faɗi, kuma mutumin nan azzalumi ne, mutane da yawa sun yi murna. Amma abinda ya biyo baya, haraji bai tafi ba, sai dai mai karɓarsa ya canza. Da mutum ɗaya kake biya, yanzu duk shingen da ka tarar akwai yara da bindiga sai ka biya, ba rasit ba kotun da zaka kai ƙara. A 1992 yunwa ta kashe dubban ɗaruruwan mutane, kayan agaji na tashar ruwa amma madugan yaƙi sun tare hanya. Sai 2012 aka sake kafa gwamnatin tarayya mai kama da gwamnati. Shekara ashirin da ɗaya, yaron da aka haifa lokacin ya girma ya yi aure bai san ofishin da zai je ya karɓi takardar haihuwa da duniya zata yarda da ita ba. Ni wannan ne yake taɓa min zuciya, domin in doka ta tafi ba mai ƙarfi ne ke fara shan wuya ba, mace ce da yaro da tsoho, zaman kashin dankali kawai, na sama ya danne na ƙasa.

Auta: Amma Hajiya ai a Somaliyar nan ɗin kamfanonin waya sun bunƙasa ba gwamnati, ana tura kuɗi ta waya.

Hajiya: Gaskiya ne, ba zan musa ba, ciniki baya jiran kowa. Amma akwai abubuwan da ɗan kasuwa ba zai taɓa yi ba don ba wanda zai biya shi kai tsaye. Cutar agana, wadda take kashe mutane tana makantar da wasu tun zamanin da, a 1980 aka sanar an kawar da ita daga duniya, kuma da rigakafi aka yi gida gida ƙasa ƙasa. Wane ɗan kasuwa ne zai bi ƙauyen da ba riba ya yi wannan? Ko kogi, na sama ya zuba dattin masana'antarsa na ƙasa ya sha, wa zai hana shi?

Malam: Kuma a Somaliyar ma duba arewacinta, yankin Somaliland. Su ma ba gwamnati aka bar su, amma dattawan ƙabilu suka zauna taro a Borama a 1993 suka yi wata da watanni suna magana har suka fitar da tsari, da majalisar dattawa da ake kira Guurti. Wato da aka bar mutane su kaɗai, abinda suka fara yi shine ƙera wata gwamnatin da hannunsu.

Auta: Shikenan na yarda da wannan, a bar ta farko. Amma ta biyun Malam ina nan a kan bakana. Ku dubi Singafo. Lee Kuan Yew ya riƙe ƙasar daga 1959 zuwa 1990, tsibiri ne da ko ruwan sha sai sun sayo daga Malesiya, yau suna cikin masu arzikin duniya. Ku dubi China tun daga 1978, ɗaruruwan miliyoyi sun fita daga talauci ba tare da an yi layin zaɓen shugaban ƙasa ba. Koriya ta Kudu ma a hannun soja, Park Chung-hee, ta fara tashi. Mu matasa abinda muke gani kenan, ana ta zaɓe ana ta alƙawari ana sayen ƙuri'a, shekara huɗu ta wuce ba abinda ya canza, ga waɗancan sun yi gaba. Ina laifin wanda yace a ba shi irin nasu?

Malam: Ba laifi, kuma ba zan raina wannan tambayar ba don ciwo ne ya kawo ta. Amma ɗana ka lissafo waɗanda suka dace ne kawai. A shekarar da Singafo ta zama ƙasa mai cin gashin kanta, 1965, a shekarar Mobutu ya karɓi Kongo, ƙasar da Allah ya cika da ma'adinai, ya yi shekara 32 a kai, ya bar ta a wane hali? Idi Amin a Yuganda daga 1971 zuwa 1979. Koriya ta Arewa ma mutum ɗaya mai ƙarfi ne, harshe ɗaya al'umma ɗaya da ta Kudu. Duk ranar da ka miƙa wa mutum ɗaya komai baka san wanne zaka samu a ciki ba, kuma kowannensu ranar farko da sunan gyara yake zuwa. Sannan Chinar da ka ambata, jam'iyyar da ta fitar da mutane daga talauci ita ce dai take mulki daga 1959 zuwa 1961 lokacin da yunwa ta kashe miliyoyi masu yawa, dubban dubbai ba a iya ƙirga su daidai, saboda manufar da aka ɗauko daga sama ta noma da masana'antu ta lalace, jami'an ƙasa na tsoron faɗin gaskiya sai suka riƙa aika rahoton an yi amfani mai yawa alhali rumbuna wayam. Ba jaridar da zata buga, ba ɗan adawar da zai tashi a majalisa. Tsari ɗaya ne ya haifi duka biyun.

Hajiya: A nan ne maganar Amartya Sen take shigowa, masanin tattalin arzikin Indiya da ya samu kyautar Nobel a 1998. Yana yaro ya ga yunwar Bengal ta 1943 a ƙarƙashin mulkin Ingila. Abinda ya lura da shi shine babbar yunwa irin wannan bata faruwa a ƙasar da ake zaɓe na gaskiya kuma jarida take da bakin magana. Indiya bayan 1947 talauci na nan, rashin abinci mai gina jiki na nan, amma irin waccan mutuwar bata sake dawowa ba. Dalilin kuwa mai sauƙi ne, shugaban da ya san zai dawo neman ƙuri'a ba zai iya toshe kunne mutane na mutuwa ba. Ba wai ya fi wancan tausayi bane, tsoron faɗuwa ne yake sa shi motsi.

Auta: Toh amma Hitler ai ta hanyar siyasa ya hau a 1933, ba da tankar yaƙi ba.

Malam: Haka ne, kuma wannan ne yasa ni bana cewa akwatin zaɓe shi kaɗai ya isa. Da ya hau, cikin 'yan watanni ya rufe sauran jam'iyyu, aka daina zaɓen da zai iya faɗuwa. Ni ma'aunina ɗaya ne, in shugaba ya lalace, za a iya sauke shi ba tare da an zubar da jini ba? Botsuwana jam'iyya ɗaya ta yi mulki tun 1966, a 2024 ta faɗi zaɓe, shugaba ya fito ya amince ya miƙa wa ɗan adawa Duma Boko, ba a harba harsashi ba. Haka ma jam'iyya mai mulki ta faɗi zaɓe ta miƙa mulki a Ghana a 2000, Najeriya a 2015, Senegal a 2024. Ka kwatanta da Libiya, Gaddafi ya yi shekara 42, da aka tashi rabuwa da shi a 2011 babu wata ƙofa sai yaƙi, kuma da ya tafi ba a tarar da komai a ƙarƙashinsa ba don komai a jikinsa yake rataye.

Hajiya: Wannan na ƙarshen shine nawa. Ni ban damu sosai ba ko tsarin firaminista ne ko na shugaban ƙasa ko ma akwai sarki a sama kamar Ingila da Norway da Japan, inda sarki na nan amma majalisa ke mulki. Ka san Beljiyam ta yi kwana 541 daga 2010 zuwa 2011 'yan siyasa sun kasa haɗa sabuwar gwamnati, sai ta riƙon ƙwarya? Amma jirgin ƙasa na tashi, ana biyan albashi da fansho, makaranta a buɗe, alƙali na zama. Domin akwai akawu da ya san aikinsa, akwai mai binciken kuɗi da ba a iya kora da waya ɗaya. Wannan ma'aikacin da ba a san sunansa ba, wanda zai buga maka hatimi ko ka san wani ko baka sani ba, shi nake nema in an ce min ƙasa ta gyaru.

Auta: Toh in zaɓen ne na bogi fa? An yi maguɗi, kotu na aljihun mai mulki, an gyara kundin tsarin mulki an yi tazarce. Ai ƙofar da Malam ke faɗa a kulle take, suna ne kawai.

Malam: In haka ne toh wannan kama-karya ce ta sa rigar farar hula, kuma fushin ka daidai ne. Amma ka lura, abinda kake kuka da shi shine an hana ka sauke mutum. Maganin da ka kawo a farko kuma shine a kawo wanda ba a iya saukewa kwata-kwata. Koriya ta Kudun da ka ambata, mutanen da suka ci moriyar bunƙasar su ne suka cika tituna a 1987 suna cewa sai an ba su damar zaɓen shugaba da hannunsu, kuma aka ba su.

Auta: Hmm. Wallahi Malam har yanzu zuciyata bata gama kwanciya ba, don mai jin yunwa yau ba zai jira a gina hukumomi shekara talatin ba. Amma wannan na hana saukewar zan tafi da shi in yi tunani.

Hajiya: Ka tafi da shi, don mako mai zuwa kan kotu zamu zauna, wa ke naɗa alƙali, wa ke biyansa, wa ke iya cire shi, kuma kai zaka buɗe mana. Masu sauraro ku turo tambayoyinku tun yanzu. Sai mun haɗu, a huta lafiya.