Wutar Daji: Abinci Ake Hana Ta

Jama'a, assalamu alaikum. Duk lokacin da aka nuno gobarar daji a talabijin, jirgin sama ake haskawa yana kwararo ruwa ko wani jan magani. Yana da kyan kallo kam, amma jirgi rage wa wuta ƙarfi kawai yake yi. Masu gamawa da ita su ne waɗannan da kuke gani a ƙasa, riguna ruwan ɗorawa, fuska duk toka, sun duƙa suna sara.

Wuta sai da zafi da iska da abin da za ta ci. A daji ba mai iya tare iska, ruwa kuma ba ya isa. Saura abincin. Shi ya sa suke share layi a gabanta, a sare itace, a kankare ciyawa da ganye har sai ƙasa tsura ta fito. Ta iso wurin, ta rasa abin lasa, ta kwanta. A yankunan makiyaya na Nijar ma haka ake yi, da damina ta ɗauke sai a buɗe faffaɗan hanyoyi a cikin ciyawa don kada wuta ta cinye abincin dabbobi.

Kayan aikin da suka fi ji da shi ana ce masa Pulaski, gefe ɗaya gatari, ɗaya gefen gizago. Sunan wani ma'aikacin gandun daji ne na Amurka, Ed Pulaski, wanda a babbar gobarar 1910 a jihar Idaho ya shigar da mutanensa ramin ma'adinai, akasarinsu suka tsira.

To, ta ina ake tunkarar wuta? Ban da ta gaba. Kanta, wato inda iska ke kora ta, nan ne harshenta ya fi tsawo, kuma da ya wuce ƙirjin mutum, kayan hannu sun tashi daga aiki. Daga bayanta ake farawa, a jingina layin da abin da ba ya ci, kamar hanya ko kogi, a bi gefe da gefe ana matse ta. Kuma ana tafe ne a bakin inda ya riga ya ƙone, don in abu ya ɓaci, cikin baƙin za a faɗa.

Sai maganar tudu, wadda ita ce ta fi cin rayuka. Ku ƙyasta ashana ku sunkuyar da kanta ƙasa, ku ga yadda wutar ke hawowa yatsa. A gangaren dutse harshen wuta yana kwanciya a kan ciyawar da ke samansa, ya busar da ita tun kafin ya iso. Mutum yana hawa ƙarfinsa na ƙarewa, ita kuwa gudu take ƙarawa.

Ranar 5 ga Agusta, 1949, aka sauke masu kashe gobara mutum 15 daga jirgin sama da laima a wani kwari mai suna Mann Gulch a jihar Montana ta Amurka, suka haɗu da wani mai gadin daji guda. Tsawa ce ta tayar da wutar, ba ta kuma yi kama da wadda za ta gagara ba. Rediyonsu ya fashe wajen saukowa. Suna gangarawa wajen kogin Missouri sai iska ta tsallakar da wutar zuwa ɓangarensu, ta ƙasansu, ta tare hanya. Suka juya suka kama hawa cikin busasshiyar ciyawa. Shugabansu Wagner Dodge ya ce a yar da kayan aiki. Da ya ga ba za su kai saman ba, sai ya tsaya ya cinna wa ciyawar gabansa wuta, ya shiga cikin tokar, yana kiransu su zo. Ba wanda ya bi shi. Ni ban ga laifinsu ba, wa ya taɓa koya musu cewa mai gudun wuta zai tsaya ya kunna wata? Ya kwanta rub da ciki, gobarar ta kewaye shi ta wuce. Wasu biyu suka kuɓuta ta wata tsagar dutse. Mutum 13 suka rasu.

Yau ƙa'ida ce, ba a fara sara sai an ajiye mai sa ido a wuri mai tsayi, rediyo na aiki, kowa ya san hanyar gudu da inda za a fake. Kashe wuta da wuta ma aikin yau da kullum ne. Akwai wani gwangwani mai dogon baki, cike da man dizal gauraye da fetur, ana tafe yana ɗigar da wuta a bakin layi, ta cinye ciyawar kafin babbar ta iso.

A Amurka kowane ma'aikaci na rataye da ɗan tanti mai rufin alminiyom, in hanya ta ƙare ya shige ya kifa fuska a ƙasa. Yana mayar da hucin wuta, amma ba ya jure harshenta in ta zauna a kansa. A gobarar Yarnell ta jihar Arizona, a 2013, mutum 19 sun mutu duk da tantunan nan.

Bayan harshen wuta ya faɗi kuma, aiki bai ƙare ba. Kututture kan riƙe garwashi kwana da kwanaki, iska na tashi ya farfaɗo. Sai an bi layin kaf ana tona toka, ana cakuɗa ta da ƙasa, ana cire safar hannu a taɓa a ji ko da sauran ɗumi.