Layi a Kan Taswira: Tarihin Makarantun Gundumar Fairfax ta Amurka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban wannan zama, malamaina da ke nan gaba, 'yan'uwa malamai da ɗalibai, barkanmu da war haka.

An nemi in yi magana a kan makarantun gwamnati a garuruwan da ke kewaye da manyan biranen Amurka. Maganar tana da faɗi, shi ya sa na ga gara in kama wuri ɗaya mu bi shi daga tushe. Wurin shi ne gundumar Fairfax a jihar Bajiniya, yamma da birnin Washinton, ƙetaren kogin Potomac. Mutanenta sun haura miliyan ɗaya da dubu ɗari a ƙidayar 2020. Hukumar makarantunta tana riƙe da ɗalibai wajen 180,000 a makarantu kusan 200, motocin bas masu launin ɗorawa da ke jigilar yara sun fi 1,600, kasafin shekara kuma ya wuce dala biliyan uku da rabi. Gunduma ɗaya ke nan fa, ba jiha ba.

Kafin mu shiga tarihi, sai mun san mai makarantar. Ba gwamnatin tarayya ba ce, abin da take bayarwa ɗan kaɗan ne. Jiha tana ba da nata kason, amma wajen kashi 70 cikin 100 na kuɗin daga aljihun gunduma yake fitowa, mafi yawansa kuma harajin gidaje da filaye ne. Duk shekara a kimanta darajar gidanka, a yanka maka abin da za ka biya. Akwai kwamitin makarantu mai mutum 12 da jama'a ke zaɓa da ƙuri'a, su ne ke ɗaukar shugaban makarantun gunduma, wato kwatankwacin sakataren ilimi a wurinmu, kuma suna iya sallamarsa. Sai dai a Bajiniya wannan kwamiti ba shi da ikon sa haraji. Ya tsara kasafi, ya kai gaban majalisar gunduma, a yi ta ja-in-ja kowace bazara. Abu na ƙarshe, wanda nake so ku riƙe: yaro ba ya zaɓar makaranta, adireshin gidansu ne yake zaɓa masa. An zana layi a taswira, duk gidan da ya faɗa ciki, makaranta kaza ce tasa.

An kafa wannan hukuma a 1870, shekara biyar bayan yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta. Sabon tsarin mulkin Bajiniya ne ya wajabta makarantun kyauta, dokar jiha kuma ta ce kada a haɗa farare da baƙaƙe a makaranta ɗaya. Shugaban farko, Thomas Moore, ya fara da makarantu 41: 28 na farare, 13 na baƙaƙe. Kun ga tun ran gini aka yi zanen.

Bari in kai ku ɗaya daga cikin irin waɗannan makarantu, don har yau tana tsaye. Sunanta Laurel Grove, a yankin Franconia. A 1881 wani mutum da aka haifa cikin bauta, William Jasper, shi da matarsa suka yanki rabin eka daga 'yar gonarsu suka bayar. Maƙwabta suka haɗa katako da ƙarfinsu suka tayar da ɗaki ɗaya. Ɗaki ɗaya tak, murhu a ciki saboda sanyi, malami ɗaya, ƙanana da manya duk a wuri guda. Mutanen da a da doka ta hana a tara su a koya musu karatu, su ne suka fara cire ƙasa daga abin da suke nomawa don 'ya'yansu su iya rubuta sunansu. Makarantar ta yi aiki har 1932. Yanzu gidan tarihi ce, manyan ofisoshi sun kewaye ta ta kowane gefe.

Har zuwa 1940 Fairfax ƙauye ce, ƙasar shanu da madara, mutum dubu 41 ko ƙasa da haka kaɗan. Sai yaƙin duniya na biyu ya zo, aka gina Pentagon, hedikwatar sojojin Amurka, a maƙwabciyarta Arlington, ma'aikatan gwamnati suka yi ta kwararowa suna neman wurin zama. A 1950 mutane sun kusa dubu 100. A 1960 sun kai dubu 275. A 1970 sun haura dubu 450. Aka buɗe filin jirgin sama na Dulles a 1962, aka kammala babbar hanyar da ta zagaye Washinton a 1964, gonaki suka koma rukunin gidaje. Wanda ya ja ragamar makarantu a mafi yawan wannan lokaci shi ne W. T. Woodson, daga 1929 zuwa 1961, shekara 32 a kujera ɗaya. A zamaninsa aka rufe makarantun ɗaki ɗaya aka tattara yara a manyan gine-gine, bas tana ɗauko su. Ku riƙe sunansa, za mu sake haɗuwa da shi.

To duk wannan gini da ake yi, ina yaron baƙar fata da ya gama firamare? Babu babbar sakandare ko ɗaya tasa a gundumar. Ko dai ya bi doguwar hanya zuwa Manassas, a wata gunduma, makarantar da wata baiwar Allah Jennie Dean ta kafa a 1894, ko iyayensa su san yadda za su yi su tura shi Washinton. Ubansa yana biyan haraji kamar kowa. Sai a watan Satumba na 1954 aka buɗe musu Luther Jackson. Ku lura da watan. A ranar 17 ga Mayu na wannan shekarar, wata huɗu kafin nan, Kotun Ƙolin Amurka ta riga ta yanke hukunci a shari'ar Brown cewa raba makarantu bisa launin fata ya saɓa wa tsarin mulki. Wato an ba su sabuwar makaranta tasu ta daban a daidai lokacin da kotu ta ce zancen "ta daban" ya ƙare.

Bajiniya ba ta karɓi hukuncin da hannu biyu ba. Sanata Harry Byrd ya yi shelar tirjiya a 1956, har wata gunduma a kudancin jihar, Prince Edward, ta gwammace ta rufe makarantunta kaf daga 1959 zuwa 1964 da ta haɗa yara. Fairfax ba ta kai nan ba, ita jan ƙafa ta yi. Sai a 1960 aka fara shigar da 'yan tsirarun ɗalibai baƙaƙe makarantun farare, sai a 1965 Luther Jackson ta daina zama sakandaren baƙaƙe, aka mayar da ita ƙaramar sakandare ta kowa. A tsakiyar wannan rikici aka buɗe sababbin sakandare biyu, aka raɗa musu sunan Robert E. Lee a 1958 da J. E. B. Stuart a 1959, janar-janar na rundunar Kudu da ta yi yaƙi don bauta ta ɗore. Wasu sun ce girmama tarihin yanki ne kawai. Ni dai in na dubi shekarun, ban yarda haɗuwa ce ta kawo haka ba. An sauya ta Stuart zuwa Justice a 2018, ta Lee zuwa John Lewis, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙe, a 2020. Shi kuwa Woodson, da takardu suka nuna yana adawa da haɗa yaran, sai a 2024 aka cire sunansa daga sakandaren da aka raɗa wa shi, aka sa na Carter G. Woodson, masanin tarihin baƙaƙen Amurka. Woodson ya fita, Woodson ya shigo. Ko ba komai, an huta da sauya rigunan 'yan ƙwallo.

Na ga shugaba yana duba agogo, bari in gaggauta.

Bayan dokar shige da fice ta 1965, fuskar gundumar ta sake canzawa. 'Yan Biyetnam suka zo bayan 1975, 'yan Koriya suka cika Annandale, 'yan El Salvador suka gudo daga yaƙi a shekarun 1980, ga Habasha, Indiya, Pakistan, Afganistan. Yau harsunan da ake yi a gidajen ɗaliban sun haura 200, kuma babu jinsin da ya kai rabi. Daga zangon 2022 aka sa ƙaramar Sallah cikin ranakun hutu, tare da bukukuwan Yahudawa da na Hindu. Kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran kuma iyayensu ba su da ƙarfi, har sun cancanci abincin makaranta kyauta ko a farashi mai rahusa, a gundumar da ake lissafawa cikin mafi arziki a ƙasar.

A nan ne maganar ta fi ɗaure kai. Baitulmalin gundumar ɗaya ne. Harajin katafaren gida a McLean da na ɗan ƙaramin gida a bakin hanyar Richmond duk asusu ɗaya suke shiga, har ma ana ƙara wa makarantun marasa ƙarfi malamai. Duk da haka sakandaren Langley da ke ɗibar 'ya'yan McLean da Great Falls ba ɗaya take da Justice ko Mount Vernon ba, kowa ya sani, dillalan gidaje sun fi kowa sani. In za su tallata gida, sunan makarantar da yake faɗawa ciki yana cikin abin da suke fara faɗa. Makaranta ta yi suna, gidajen cikin layinta su yi tsada. Gidaje su yi tsada, sai mai hali kaɗai ke iya shiga. 'Ya'yan masu hali, da malamin gida da iyaye masu digiri, su ƙara ɗaga sunan makarantar. Babu dokar da ta ce a raba kowa. Farashi ne ke rabawa.

Makaranta ɗaya ce ta shahara da cewa adireshi ba ya kai ka cikinta: sakandaren kimiyya da fasaha ta Thomas Jefferson, wadda aka mayar ta haziƙai a 1985, kuma sau da dama ake sa ta a sahun farko a duk Amurka. A da, da jarrabawa ake shiga. Amma jarrabawar ta haifar da kasuwar darussan share fage, wasu iyaye suna biya tun yaro yana firamare, sai ya zama 'yan ƙananan sakandare kaɗan ne ke cinye yawancin guraben, baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka kuwa ba su taka kara sun karya ba. A 2020 kwamiti ya soke jarrabawar da kuɗin fom na dala 100, ya ware wa kowace ƙaramar sakandare gurabe daidai da kashi 1.5 cikin 100 na 'yan ajin ƙarshenta. Kason 'yan asalin Asiya a cikin waɗanda aka ɗauka ya sauko daga wajen kashi 73 zuwa 54. Iyaye suka kai ƙara, suka ce 'ya'yansu aka nufa. Suka yi nasara a kotun farko a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin a 2023, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron shari'ar a watan Fabrairu na 2024. Ban ga mugu a wannan rigima ba. Da yawa cikin masu ƙarar baƙi ne da suka zo da akwati ɗaya, suka bi ƙa'idar da suka tarar, aka sauya ta bayan sun gama shiri. Amma yarinya mai ƙwaƙwalwa da ke unguwar da ba a taɓa jin labarin darasin share fage ba, ita ma tana da haƙƙi, kuma ni nan na fi karkata.

A 2024 kwamitin ya taɓo abin da aka yi kusan shekara 40 ana kauce masa: sake duba iyakokin makarantun gundumar baki ɗaya, tare da ƙa'idar cewa daga yanzu duk shekara biyar za a sake. Dalilan a fili suke. Wasu makarantu sun cika har ana karatu a azuzuwan wucin gadi a filin wasa, wasu kuma kujeru babu kowa, wasu yara suna wuce makarantar da ke kusa da su a bas zuwa mai nisa. Wanda ya taɓa zama a sulhun iyakar gona ya san irin zaman da aka yi ta yi. Iyaye suka cika zaurukan taro da alluna a hannu, kowa na da 'yan mintuna a gaban makirfo, kowa ya fara da cewa yana son adalci, ya ƙare da roƙon a bar titinsu a inda yake. Wanda ya ci bashin shekara 30 ya sayi gida saboda wata makaranta, in aka matsar da layin da titi biyu, 'yarsa ta sauya makaranta, darajar gidan ma tana iya sauka.

Shugaba, lokacina ya cika, a nan zan dakata. Na ga hannu biyu a can baya tun ɗazu, a ba su dama.