Lacca: Ƙofofin da magniziyam ke bi ya shiga ƙwayar halitta

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai, ɗalibai da ma'aikatan lafiya, barkanku da zuwa.

Maganarmu ta yau kan furotin ɗin da ke dashe a tantanin ƙwayar halitta ne, waɗanda ke shigar da magniziyam ko su fitar da shi. Baligi na ɗauke da kusan giram 25 na magniziyam a jikinsa, fiye da rabi a ƙashi, kuma abin da ke jini bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A cikin ƙwaya jimlarsa takan kai milimol 15 zuwa 20 a lita, amma wanda ke yawo a sake bai wuce 0.5 zuwa 1 ba. Sauran galibi yana manne da ATP (sinadarin da ke ɗauke da makamashin ƙwaya), da ribosom (inda ake ƙera furotin), da DNA.

Duk wahalar wucewarsa daga ruwa take. Magniziyam ɗan ƙarami ne ƙwarai, ga shi da caji biyu, saboda haka yakan damƙe ƙwayoyin ruwa shida kewaye da shi, wasu kuma su sake taruwa a bayansu. Da wannan rigar ruwa girmansa ya ninka kusan sau 400. Kuma ba ya sakinta da sauƙi: yana musanya ruwan kusan sau 100,000 a daƙiƙa, alhali kalsiyam ya fi shi sauri sau dubu ko fiye. Ƙofar fotasiyam tuɓe wa fotasiyam ruwansa take yi kafin ya wuce. Da magniziyam hakan yana da tsada, don haka ƙofarsa sai ta fara gane shi yana sanye da rigar.

Mu duba CorA, ƙofar magniziyam ta bakteriya, domin ita aka fi sani. An gano ta ne a bakteriyar da ta daina mutuwa idan an zuba mata kobalt: ƙofar ta lalace, gubar ba ta samun shiga. Ɗakin binciken Michael Maguire a Amurka ya yi aiki mai yawa a kanta cikin Salmonella tun shekarun 1980. A 2006 ƙungiyoyi uku suka fitar da siffarta daga Thermotoga maritima, wata bakteriya mai rayuwa a ruwan zafi kusan digiri 80. Furotin biyar ne iri ɗaya suka haɗu kamar mazurari, faffaɗan bakin yana cikin ƙwaya, siririn wuyan ya ratsa tantani. Kowanne yana da murɗaɗɗen sashe biyu a tantanin, na farkon shi ne bangon ramin, tsawonsa haɗe da ɓangaren da ya miƙe cikin ƙwaya ya kai nanomita 10. A bakin waje akwai jerin amino asid uku, gilaisin, metiyonin, asparajin, wato GMN, kuma kusan duk dangin CorA suna da shi. Idan aka sauya ɗaya daga ciki, yawanci aikin ya tsaya.

Ta yaya aka san da rigar ake gane shi? Akwai gwajin da nake so ɗalibai su riƙe. Ana ɗaukar kobalt da aka kewaye da amoniya shida. Girmansa da siffarsa daidai da magniziyam mai ruwa shida, sai dai shi ba ya iya tuɓewa ko kaɗan. Idan aka zuba shi, sai ya zauna a bakin CorA ya toshe ta, ba ya shiga ciki. Ke nan baki ya karɓe shi, amma wucewa sai an ajiye wani ɓangare na ruwan, asparajin biyar, ɗaya daga GMN na kowane furotin, su tsaya a madadinsa.

Rufewa kuma magniziyam ne da kansa ke yi. A faffaɗan ɓangaren ciki, tsakanin kowane furotin da maƙwabcinsa, akwai gurbi da amino asid aspartet na 89 da na 253 a jerin furotin ɗin suka yi. Idan magniziyam ya wadata a ƙwaya, sai ya zauna a gurbin ya ɗaure biyar ɗin wuri guda, metiyonin na 291 da liyusin na 294 su matse ramin. Hotunan na'urar hange ta lantarki na 2016 sun nuna cewa idan ya yi ƙaranci, daidaiton yana rushewa, wasu sassan su karkace, hanya ta buɗe. Mrs2 da ke mitokondiriyarmu, wato sashen ƙwaya mai samar da makamashi, ɗan gidan CorA ne. MgtE, wata ƙofar magniziyam ta bakteriya wadda masana a Japan suka fitar da siffarta a 2007, gininta daban: furotin biyu, kowanne da sashe biyar a tantani, amma ita ma magniziyam na ciki ne ke kulle ta.

Shiga ba ta bukatar ATP a waɗannan ƙofofi. Cikin ƙwaya yana da cajin ragi kusan milibolt 60, kuma ga mai caji biyu kowane milibolt 30 na iya ninka yawa sau goma. Da za a bar ƙofa a buɗe, na ciki zai ninka na waje sau ɗari. Shi ya sa kulle da fitarwa suke da muhimmanci, kuma dangin furotin SLC41 da CNNM na cikin masu wannan aiki.

To, ga ma'aikatan asibiti. A hanji da ƙoda muna da ƙofofin TRPM6 da TRPM7, kowace haɗin furotin huɗu, da wani inzayim a wutsiyarsu. Daga abin da ƙoda ta tace, kusan kashi 60 zuwa 70 na komawa jini a kaurin reshen madaukin Henle, wani lanƙwasasshen bututu a cikin ƙoda, ta tsakanin ƙwayoyi, inda furotin klodin 16 da 19 ke tsare hanya. Kashi 5 zuwa 10 kacal ke bi ta TRPM6 a gaba, amma nan ne tasha ta ƙarshe. Abin da ya wuce ta ya tafi fitsari. A 2002 aka tabbatar cewa lalacewar TRPM6 ta gado ce ke sa jarirai jijjiga a watannin farko. Magniziyam na jininsu kan sauka kusa da milimol 0.2 a lita, maimakon 0.7 zuwa 1.0, sai gilan ɗin paratairod, wanda ke daidaita kalsiyam a jini, ya kasa aiki, kalsiyam ma ya faɗi. Ba da kalsiyam kaɗai ba ya warkar da su. Magniziyam ake bayarwa ta jijiya, sannan ta baki tsawon rai.

Magunguna ma suna taɓa waɗannan hanyoyi. Furosemide na kashe cajin da ke tura magniziyam a madaukin Henle. Gentamicin da cisplatin na sa ƙoda zubar da shi. Cetuximab na toshe saƙon EGF, wani furotin da ke farkar da TRPM6. Omeprazole, wanda masu gyambon ciki da yawa ke saya a kemis su yi ta sha, yana rage tsotsa a hanji idan an daɗe a kansa. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan haka a 2011.

Wanda ya fi damuna shi ne majinyacin da ake ta ƙara wa fotasiyam amma bai hau ba. A ƙoda akwai ƙofar fotasiyam mai suna ROMK, kuma magniziyam na cikin ƙwaya ne ke tare ta daga ciki. Idan ya yi ƙaranci, fotasiyam sai ya yi ta zuba a fitsari. A auna magniziyam, a duba lafiyar ƙoda kafin a bayar, a gyara shi tukuna, sannan a maimaita gwajin fotasiyam.