Bitter Sweet Symphony: Shin The Verve Sata Suka Yi?

Duk sanda waƙar nan ta sake tasowa a intanet, sai ka ji ana cewa The Verve, ƙungiyar mawaƙan Birtaniya da ta yi ta, sun saci waƙar ƙungiyar Rolling Stones. Maganar ba haka take ba.

A bidiyon waƙar, ga Richard Ashcroft, mawaƙin The Verve, nan yana tafe a titin Hoxton na Landan, yana bangazar mutane, ko waiwaye babu. Yunin 1997 ke nan. Waƙar ta kai mataki na 2 a Birtaniya.

To, ku kasa kunne. Ku fara sauraren "The Last Time" ta Rolling Stones, ta 1965. Kun ji goge a ciki? Babu. Sai ku saurari yadda ƙungiyar makaɗan Andrew Oldham, manajan Rolling Stones a lokacin, ta sake kaɗa ta da goge, bisa tsarin David Whitaker. Yauwa! Daga nan The Verve suka yanko ɗan gutsure, suka sa yana ta maimaituwa, mai tsara kiɗa Wil Malone ya ɗora sabbin goge, aka zuba ganguna da murya.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne nan: duk waƙar da aka naɗa a faifai tana da haƙƙi biyu. Akwai na sautin da ke kan faifai, akwai na ainihin waƙar, wato karinta da baitocinta. Sau da yawa masu su daban ne. The Verve sun samu izinin sautin daga kamfanin Decca. Amma haƙƙin ainihin waƙar "The Last Time" yana hannun ABKCO, kamfanin Allen Klein, tsohon manajan Rolling Stones, kuma ba a daidaita da shi ba sai da aski ya zo gaban goshi. Izinin Decca bai ɗaure Klein da komai ba. Kamar ka sayi gida ne, alhali takardar filin tana hannun wani. Klein ya karɓe kuɗin haƙƙin waƙar The Verve kaf, aka sa sunan Mick Jagger da Keith Richards na Rolling Stones, waɗanda suka rubuta "The Last Time", cikin marubuta, Ashcroft da ya rubuta baitocin ya tashi da dala 1,000. Masu haɗa kiɗa, kafin ku saki waƙa mai gutsuren wani, ku tabbata takardu biyun suna hannu.

Waƙar kanta fa? Kusan minti shida tana zagaye wuri guda, kuma ni a ganina ƙarshenta ya ja da yawa. Amma shigowar gangunan nan, ku sake saurara, har yau tana tayar da tsikar jiki.

A 2019 Jagger da Richards suka mayar wa Ashcroft haƙƙinsa, kuma sun kyauta. Wanda abin ya fi ci min rai a kansa Whitaker ne. Shi ya tsara kiɗan da aka yi duk wannan rigima a kai, ba a taɓa sa sunansa cikin marubutan ba, ya kuma rasu tun 2012.